Ma'aikacin Da Ya Tona Ɓarna: Annamimi Ne Ko Mai Shaida?

 

Ya ƴan'uwa, ga mutum ƙaramin ma'aikaci, akawu ne, ko mai tsaron magaza, ko malamin asibiti, albashinsa da ƙyar yake kai shi ƙarshen wata. Wata rana sai takarda ta biyo ta teburinsa, an rubuta cewa an sayi kaya kaza an biya kuɗi kaza, alhali kuwa shi ya san ko allura ba ta shigo magaza ba. Bayan kwana biyu sai ga wata irinta. Ya ɗaga kai ya dubi abokan aikinsa, sai ya gane kowa ya sani, kowa kuma ya sunkuyar da kai. To, mene ne Allah Ya ɗora wa wannan bawa? Mu kuma, hukuma da jama'a, mene ne aka ɗora mana game da shi idan ya buɗe baki? Tambaya ta farko an sha amsa ta a kan mumbari, kuma amsarta ba ta da wuya ga wanda ba shi zai faɗa ba. Ta biyun ce muka yi sakaci da ita, ita ce kuma nake nufin mu yi nazari a kanta.

Turawan Ingila suna kiran irin wannan mutum mai busa usur, na Faransa suna ce masa mai kururuwar gargaɗi, gidajen rediyo na Hausa kuwa sukan ce mai kwarmato. Amma a ƙofar biro da majalisar unguwa yana da waɗansu sunaye da muka fi sani: munafuki, magulmaci, ɗan baƙin ciki, mai raba mutum da abincinsa. Kafin mu yanke wanne suna ya dace da shi, bari mu dubi labarin mutum guda, domin hukunci a kan wanda ba shi da fuska yana da sauƙi ƙwarai.

A ƙasar Kenya, a farkon shekarun 1990, zamanin mulkin Daniel arap Moi, gwamnati tana da wani tsari na taimaka wa masu fitar da kaya waje: wanda ya sayar da kaya a ƙetare ya shigo wa ƙasa da kuɗin waje, sai a ba shi wani kaso a kan darajar abin da ya fitar. Wani kamfani mai suna Goldenberg, na ɗan kasuwa Kamlesh Pattni, ya samu a riƙa biyansa kashi 35 cikin ɗari a kan zinariya da lu'ulu'u da ya ce yana fitarwa. Kenya kuwa zinariyarta ƴar kaɗan ce, lu'ulu'u ma ba ta haƙo shi. Mafi yawan kayan a takarda kawai suke, amma kuɗin da ake biya na gaske ne, daga baitulmalin jama'a suke fita. An ƙiyasta asarar da ƙasar ta yi da aƙalla dalar Amurka miliyon 600.

Takardun nan sai sun bi ta Babban Bankin ƙasar kafin a biya, kuma daga cikin hannuwan da suke bi akwai na wani saurayi akawu mai suna David Munyakei, wanda a lokacin bai kai shekara 30 ba. Ba darakta ba ne, ba shugaban sashe ba ne, aikinsa duba takarda ne ya miƙa gaba. Da ya ga abin ya wuce misali, sai a 1993 ya ɗauki kwafin takardun ya ba waɗansu ƴan majalisa biyu na ɓangaren adawa, Paul Muite da Anyang' Nyong'o, su kuma suka kai maganar gaban majalisa. Abin da ya biyo baya shi ne, an kama akawun, an tuhume shi da karya dokar tsare asirin gwamnati. Daga baya aka janye tuhumar, amma bankin ya sallame shi daga aiki. Ya gudu zuwa Mombasa a bakin teku don tsoron ransa, a can ya karɓi Musulunci ya yi aure, sa'an nan ya koma karkara a yankin Narok yana fama da talauci. Da gwamnati ta canza, sabon shugaba Mwai Kibaki ya kafa kwamitin bincike a 2003, aka kira Munyakei ya ba da shaida, duniya ta ji cewa gaskiya ya faɗa tun farko. A 2004 ƙungiyar Transparency International ta ba shi lambar yabo ta riƙon amana. An tafa masa, an ɗauke shi hoto, amma ba a mayar da shi bakin aikinsa ba. Ya rasu a watan Yuli na 2006 yana da shekara 38, da ciwon huhu, yana matalauci.

Ka lura, ya kai mai karatu, doka tana nan a wannan labari, kuma ta yi aiki da sauri, sai dai a kan wanda ya tona satar ta sauka. Karramawa ma tana nan, ta zo bayan shekara 11, ba ta kuma sayi magani ba. Duk wani akawu na wannan banki da ya ga yadda aka ƙare da Munyakei ya karanta darasi, darasin kuwa shi ne baki shi kan yanka wuya.

Yanzu sai mu saurari masu suka, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa addininmu addinin rufin asiri ne. Babu addu'ar da ta fi yawa a bakin Bahaushe kamar Allah Ya rufa asiri. An yi alkawarin sutura ranar Alƙiyama ga wanda ya suturta ɗan'uwansa. An hana bincike-binciken laifin mutane, an hana giba, an yi tsananin gargaɗi a kan annamimanci. Suna ƙarawa da cewa ma'aikaci an ba shi amanar takardu, wani ma rantsuwa ya yi cewa ba zai fitar da asirin aiki ba, to yaya za a mayar da cin amana abin yabo? Duk wannan gaskiya ne, kuma al'ummar da ta zubar da rufin asiri ta zama wadda kowa ke leƙen kowa ba wurin zama ba ce.

Sai dai malamai ba su bar maganar a dunƙule ba. Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan hijira, a cikin Riyadus Salihin ya ƙidaya wurare shida da ambaton aibin mutum a bayan idonsa yake halatta, daga cikinsu akwai kai ƙarar zalunci ga mai iko, da neman taimako don kawar da mummunan aiki, da gargaɗin Musulmi daga sharri. A sharhinsa na Sahihu Muslim kuma, a daidai hadisin sutura, ya bayyana cewa suturar da ake so ita ce ta mutumin da ba a san shi da cuta da ɓarna ba, a kan laifin da ya riga ya wuce. Amma waɗanda aka danƙa wa amanar sadaka da waƙafi da dukiyar marayu da makamantansu, idan aka ga abin da ke soke cancantarsu, bai halatta a rufa musu ba, faɗar halinsu nasiha ce ta wajibi. Wato ke nan asiri iri biyu ne. Akwai wanda yake tsakanin bawa da Ubangijinsa, wannan rufa shi alheri ne. Akwai kuma wanda a ƙarƙashinsa haƙƙin wani yake kwance, kamar buhun hatsin agaji da ya ɓace tsakanin magaza da ƙauye, ko maganin zazzaɓi da aka rubuta an raba kyauta alhali a kasuwa ya ƙare. Wanda ya rufa wannan ya rufa wa ɓarawo, ya kuma tona na matar da za ta fita bara saboda hatsin bai iso ba. Mukan manta da ita ne domin ba ta zama da mu a majalisa.

Haka nan maganar amana. Amanar wa? Shugaban ma'aikata shi ma ɗan amana ne, dukiyar ba tasa ba ce, ba gadon gidansu ba ce. Akawu da darakta duka biyu ma'aikatan mai dukiya ɗaya ne, wato jama'a, ko masu hannun jari idan kamfani ne. Idan ɗaya daga cikin makiyaya biyu yana yanka tumakin mai garke da dare, ɗayan ya je ya gaya wa mai garke, ba wanda zai ce ya ci amanar kiwo. Rantsuwar tsare asirin aiki an yi ta ne don kare aikin, kamar kada a fitar da labarin ciwon majinyaci ko farashin da ɗan kwangila ya rubuta kafin a buɗe takardu. Ba a yin rantsuwa a kan saɓo ta zama dole.

Bambancin annamimi da mai shaida, a ganina, yana cikin abubuwa uku da ba su da wuyar ganewa. Annamimi yana ɗaukar magana ne daga wannan zuwa wancan don ya ɓata tsakani, mai shaida yana kai ta ga wanda ke da ikon gyarawa. Annamimi yana faɗin abin da ya ji ana cewa, mai shaida yana faɗin abin da idonsa ya gani da hannunsa ya taɓa. Annamimi yakan ƙara gishiri ya haɗa da matan mutum da ƴaƴansa, mai shaida yana tsayawa a kan haƙƙin da aka ci. Niyya kuwa Allah ne Masani. Ba mamaki mutum ya tona gaskiya alhali akwai haushi a zuciyarsa, wannan yana rage masa lada, amma ba ya mayar da takardar jabu ta zama sahihiya.

To, idan ya tabbata mai shaida ne, sai mu koma ga Littafin Allah. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ita ce ta 282 a Suratul Baƙara, kuma batunta rubuta bashi ne da kafa shaidu, wato aikin akawu da takarda. Ayar da ke bin ta, ta 283, ita ce ta hana ɓoye shaida, ta kuma jingina zunubin ɓoyewar ga zuciya. Wannan kowa ya haddace ta, ita muke karanta wa ƙaramin ma'aikaci. Amma kafin a kai gare ta, a ƙarshen ta 282, akwai hani a kan cutar da marubuci da mai shaida, kuma an kira aikata hakan fasiƙanci. Dubi yadda aka jera su: an fara hana a cutar da shi, sa'an nan aka hana shi ɓoyewa. Mu kuwa mun riƙe ta biyu mun saki ta farko. Muna so ya faɗi gaskiya, idan an kore shi mu ce Allah Ya ba shi haƙuri.

Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wajibcin hani daga mummunan aiki da harshe yana sauka daga kan mutumin da ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, sai ya koma ga ƙi da zuciya; wanda ya daure ya faɗa duk da haka ya ɗauki azima, ladansa yana wurin Allah. Ma'anar wannan ga al'umma babba ce. Muddin faɗin gaskiya a wurin aiki yana nufin yunwar ƴaƴa ko kurkuku ko kabari, to mafi yawan ma'aikata suna da uzurin yin shiru, kuma ba mu da bakin zarginsu. Ba a gina ƙasa a kan tsammanin kowane akawu zai zama waliyyi. Zunubin shirun sai ya tashi daga kansu ya koma kan masu ikon kawar da tsoron ba su kawar ba. A nan ne doka take shigowa: aikinta ta sauƙaƙa farashin gaskiya har mutum matsakaici, mai mata da ƴaƴa da bashin mai kanti, ya iya biya.

Akwai ƙissar Zaidu ɗan Arƙam, Allah Ya yarda da shi, wadda Bukhari ya ruwaito. Yana yaro ya ji Abdullahi ɗan Ubayyu, babban mutum a Madina, yana faɗin miyagun maganganu a lokacin wata tafiya ta yaƙi, har da barazanar fitar da Manzon Allah (S.A.W.) da waɗanda ke tare da shi daga garin. Zaidu ya kai labari. Aka kira ɗan Ubayyu, ya rantse bai faɗa ba, aka karɓi rantsuwarsa bisa zahiri. Yaron ya shiga baƙin cikin da bai taɓa shiga irinsa ba, ya zauna a gida, har na jikinsa suna zarginsa. Sai Suratul Munafiƙun ta sauka, Manzon Allah (S.A.W.) ya aika aka kira shi, ya sanar da shi cewa Allah Ya gaskata shi. Siffar nan ba ta canza ba har yau: ƙarami ya faɗa, babba ya rantse, mutane su karkata ga babba. Abin da ya canza shi ne wahayi ya yanke. Ba sura da za ta sauka don ta wanke akawun zamaninmu, saboda haka sai bincike na gaskiya da alƙali mai adalci su tsaya masa.

Ƙasashe da yawa sun rubuta dokoki a kan haka, kuma akwai abin koyo a cikinsu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da cin hanci ta 2003 ta yi maganar kare masu kai rahoto a sashe na 33, ko da yake lafazinta sassauƙa ne, domin cewa ta yi ƙasashe su duba yiwuwar yin hakan. Ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a Maputo a wannan shekarar, ta fi ta ƙarfi: sashenta na 5 ya ɗora wa ƙasashe kare masu ba da labari da shaidu har da ɓoye sunayensu. Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da su duka biyu. Amma yarjejeniya alkawari ce tsakanin gwamnatoci, ba ta hana darakta rubuta takardar kora.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a dokar Faransa ta Disamba 2016, wadda aka gyara a 2022, shi ne yadda ta juya nauyin hujja. Kowa ya san ba a korar mai kwarmato da sunan ya yi kwarmato. Ana cewa ne ya cika makara, ko ba ya biyayya, ko a tono wani kuskure na shekara 5 da suka wuce, ko kuma a yi masa canjin wurin aiki zuwa wata ƙurya inda mota ke zuwa sau ɗaya a mako, a ce buƙatar aiki ce. Idan aka ce shi ne zai tabbatar wa alƙali abin da ke zuciyar shugabansa, ba zai taɓa iyawa ba. Sai dokar ta ce, shi ya nuna ya kai rahoto kuma ga abin da ya same shi bayan haka. Daga nan mai aikin ne zai kawo hujja cewa hukuncin da ya ɗauka ba shi da alaƙa da rahoton. Ta kuma sa ɗaurin shekara 2 da tarar yuro 30,000 ga wanda ya fallasa sunan mai kai rahoto. Da farko ta wajabta a fara kai ƙara cikin gida, wato ga shugabannin wurin aikin, sai gyaran 2022 ya ɗage wannan sharaɗi, domin sau da yawa wanda za a kai wa ƙarar shi ne mai laifin.

Duk da haka, kada mu ruɗu da takarda. Afirka ta Kudu tana da dokar kare masu tona ɓarna tun shekarar 2000, ta riga mafi yawan ƙasashen nahiyar. Babita Deokaran babbar ma'aikaciyar kuɗi ce a ma'aikatar lafiya ta lardin Gauteng. A 2021 ta lura da waɗansu biye-biyen kuɗi masu shakka na asibitin Tembisa, kimanin rand miliyon 850, ta nemi a dakatar da su a bincika. Ranar 23 ga Agusta na wannan shekara, da safe, ta kai ƴarta makaranta ta dawo, aka harbe ta a ƙofar gidanta a Johannesburg. A 2023 mutum shida suka amsa laifi aka ɗaure su daga shekara 6 zuwa 22, amma a wannan shari'a ba a gurfanar da wanda ya aike su ba. A 2025 hukumar bincike ta musamman ta ƙasar ta ba da rahoto cewa abin da aka wawure ta wannan asibiti ya haura rand miliyar 2. Dokar ta hana a kore ta daga aiki, kuma ba a kore ta ba. An rubuta ta ne da tunanin rigimar ma'aikaci da mai aiki, alhali waɗanda kuɗin ke shiga aljihunsu suna waje, ba su da ruwa da kotun ƙwadago. Dokar da ba ta tanadi ɓoye suna tun ranar farko ba, da masu gadi, da sauya wa mutum gari shi da iyalinsa idan ta kama, ta kare albashi ne ta bar rai.

Saura maganar tukuici, kuma a nan zuciyata ba ta natsu da abin da ake yayi ba. Amurka tun 1863, lokacin yaƙin basasarta, da ƴan kwangila suka riƙa sayar wa sojoji dawakai marasa lafiya da bindigogi marasa kyau da ruɓaɓɓen abinci, ta yi dokar da ke ba wanda ya tona zambar kaso daga abin da aka ƙwato; bayan gyaran 1986 kason yana kamawa daga 15 zuwa 30 cikin ɗari. Najeriya ta bi wannan hanya a Disamba 2016, ta yi alkawarin kashi 2.5 zuwa 5, kuma a Afrilu 2017 aka gano sama da dalar Amurka miliyon 43 jibge a wani gida a Ikoyi cikin Legas ta hanyar wani mai kwarmato, wanda sai da aka yi watanni ana ja-in-ja kafin a biya shi. Tsari ne na ma'aikatar kuɗi aka fito da shi, ba doka da majalisa ta zartar ba, wato an sa tukuici a gaba an bar kariya a baya. Faransa kuwa sharaɗi ta sa cewa mai kai rahoto kada ya kasance ya karɓi lada kai tsaye a kan rahotonsa.

Malaman Malikiyya ba su yarda mutum ya karɓi lada a kan bayar da shaidar da ta wajaba a kansa ba, sai abin da ya shafi wahalar tafiya, domin shaidar da aka saya ta shiga tuhuma. Ba na cewa tukuicin da hukuma ta yi alkawari haramun ne. Shugaba yana da damar sa lada ga wanda ya mayar wa baitulmali dukiyarsa, kamar yadda ake sa wa wanda ya tsinto ɓatacciyar dabba. Amma ina ganin an fara ta inda ya kamata a ƙare. Munyakei bai nemi kaso daga cikin miliyoyin Goldenberg ba, kujerarsa ya rasa. Abin da adalci ya wajabta shi ne diyya: a mayar da shi aiki, a biya shi albashin da ya wuce, a ɗauke masa kuɗin lauya, a ciyar da gidansa muddin ana shari'a. Tukuici kuma yana jawo ido ne zuwa inda kuɗi suke jibge. Wa zai ba da kaso ga ungozomar da ta tona cewa ana allurar yara da maganin da ya lalace, alhali babu ko dala da za a ƙwato?

Dole kuma a faɗi haƙƙin wanda ake zargi, domin shi ma ɗan Adam ne mai mutunci, kuma ƙazafi a wurin aiki abu ne da muka sani. Malaman tafsiri sun ce lafazin hanin da ke ƙarshen aya ta 282 yana ɗaukar ma'ana biyu a Larabci: kada a cutar da marubuci da mai shaida, kuma kada marubuci da mai shaida su cutar da kowa ta hanyar ƙari ko ragi. Kalma guda ta riƙe ɓangarorin biyu. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umurni da tabbatar da labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci. Yarjejeniyar Maputo ita ma a sashen nan na 5 ta nemi a hukunta mai ƙirƙirar rahoton ƙarya da mugun nufi. Sai dai a kiyaye: wanda ya yi ƙarya da gangan daban, wanda ya ga hayaƙi ya yi kururuwa aka zo aka tarar shara ake ƙonawa daban. Idan aka hukunta na biyun kamar na farko, an rufe ƙofar da aka ce an buɗe.

Game da karramawa, ba na raina lambar yabo, amma ina ganin wadda ta fi amfani ita ce wadda ba a rataya ta a bango. Ita ce hukuma ta rubuta a fili cewa wane ya faɗi gaskiya, ta share baƙin da aka sa a takardunsa na aiki, ta bar shi ya ci gaba da samun ƙarin girma kamar tsararrakinsa, tun yana da rai. Akwai kuma wadda ba majalisar da za ta iya zartar da ita. Mutumin nan zai dawo unguwa, zai shiga sahu, zai nemi wa ɗansa aure. Sau nawa muka ga wanda ya kwashe dukiyar jama'a ana ba shi sahun gaba saboda ya sayi tabarmin masallaci, wanda ya tona shi kuwa ana amsa sallamarsa da ƙyar, surukai suna aiko masa ya je ya ba da haƙuri?

Dokar Ghana ta 2006 tana da wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Ta yarda a kai rahoto da baki, a rubuta wa wanda bai iya rubutu ba a karanta masa. Kuma a cikin waɗanda ta ambata cewa ana iya kai wa rahoto, ban da ƴan sanda da babban lauyan gwamnati da ƴan majalisa, ta sa sarki, da dattijon dangi, da shugaban ƙungiyar addini da aka sani. Masu rubuta ta sun gane cewa talaka ba ya fara zuwa biro da abin da ke ƙona masa zuciya, wurin limami yake zuwa. Ko da dokar ko babu, haka abin yake a wurinmu. Saboda haka idan ma'aikaci ya tsaya bayan sallar isha'i, ya jira mutane suka watse, ya zaro takardu daga aljihun rigarsa, kada limami ya sallame shi da cewa ya yi haƙuri duniya ce, kada kuma ya ɗauki maganar ya hau mumbari da ita ranar Juma'a. Ya tambaye shi abin da ya gani da idonsa da abin da ya ji kawai, ya raba masa su. Ya riƙe sunansa ko ga matarsa. Ya haɗa shi da lauya ko wani masanin doka amintacce daga cikin ƴan ƙungiya kafin a kai takarda ko'ina. Kwamitin masallaci kuma ya san tun kafin ranar ta zo daga wane asusu za a auna wa gidan mutumin nan hatsi idan albashinsa ya tsaya.